Wasiƙa zuwa ga aminina da ke jinyar Hajiya a Alƙahira

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka sannu da jinya, tare da roƙon Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Na samu saƙonka cewa an yi mata aikin cire tayirod (wata 'yar halitta da ke gaban wuya) lafiya, kuma likitoci sun sa ranar da za su ba ta maganin nan da ake kira aidin mai lamba 131 domin ya ƙone ragowar ƙwayoyin kansar. Da yake ni na yi jinyar Yaya lokacin da aka ba ta wannan magani, na ga bai kamata in yi shiru ba.

Maganin ba sabo ba ne, domin tun shekarun 1940 likitoci suka fara aiki da shi a Amurka. Hikimarsa ita ce ƙwayoyin tayirod sun fi kowane sashe na jiki zuƙar aidin, sai maganin ya bi su har inda suka ɓuya. Sai dai na ɗan lokaci jikin Hajiya zai riƙa fitar da radiyeshan, wato wani irin haske mai iya cutar da na kusa da ita, wanda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya ji. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 8, kuma mafi yawan abin da jiki bai riƙe ba yana fita ta fitsari cikin kwana 2 na farko, kaɗan kuma ta yawu da gumi. Shi ya sa za a ce ta yawaita shan ruwa.

Babbar garkuwarka ita ce tazara da taƙaita zama kusa da ita. Idan ka ninka nisan da ke tsakaninku, abin da ke isowa gare ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka ka riƙa zama kamar mita 2 daga gadonta, kuma ta kwana ita kaɗai. Idan da hali ta samu banɗakinta da butarta, ta kora ruwa sau 2 bayan kowane zagayawa, ta wanke hannu da sabulu. Kwanonta da kofinta da tawul ɗinta kada kowa ya taɓa, wankinta ma a yi shi daban. Idan ta yi amai, ka sa safar hannu kafin ka kwashe.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada shi da sha'anin mutane. Ka san halinmu da dubiya: ɗaki ya cika, wannan ta riƙe hannun maras lafiya, waccan ta ɗora mata jariri a cinya don ta sa albarka. Yara ƙanana da masu juna biyu su ne aka fi ji wa tsoro, domin tayirod ɗin yaro da na ɗan tayi sun fi saurin cutuwa. Ba na mance ranar da autan Yaya, ɗan shekara uku, ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙa mata hannu yana kuka, ita kuwa ta juya fuskarta bango don kada ya ga hawayenta. A daren muka kai shi gidan kakarsa, wasu dangi suka ji haushina har da cewa na mai da ita kamar mai cutar da ake ɗauka. Ka riga su bayani tun kafin ranar, musamman ita Hajiya, ta san cewa kansar ba cutar da ake ɗauka ba ce, kuma nisantar ta 'yan kwanaki ce, ba ƙyama ba.

Yawan kwanakin ya danganta da yawan maganin da aka ba ta, don haka ka roƙi likita ya rubuta maka su. Ka karɓi kuma takardar shaidar magani kafin ku taso, domin na'urorin filin jirgin sama suna iya yin ƙara a kanta har bayan wata 3.

Ka gaishe mini da Hajiya da jiki, ka sanar da ni ranar da aka sa.

Naka,
Amininka