A tambayi wanda ya yi awon kafin a ce zaman nutsuwa yana hana yaƙi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini kan wani batu da ke yawo: wai kimiyya ta tabbatar cewa idan jama'a suka taru suna zuzzurfan tunani tare, rikici yana lafawa a garin, har ga waɗanda ba su san an yi zaman ba.

Maganar ta fito ne daga almajiran Maharishi Mahesh Yogi, malamin nan ɗan Indiya da ya rasu a 2008. Lissafinsu shi ne mutum 100 kacal sun isa su sanyaya zukatan miliyan ɗaya. A 1983 suka tara mutane a birnin Ƙudus lokacin yaƙin Labanon, suka ce duk ranar da mahalarta suka yawaita, kashe-kashe kan ragu. Mujallar Journal of Conflict Resolution ta buga sakamakon a 1988, amma a 1990 masanin siyasa Philip Schrodt ya yi masa raddi a cikinta, yana tuhumar yadda aka shata iyakar jama'ar da aka lissafa. A 1993 kuma wajen mutum 4,000 suka yi zango a Washinton kusan wata biyu, John Hagelin, ɗaya daga cikin almajiran, da abokan aikinsa suka ce manyan laifuka sun ragu da kashi 23 cikin ɗari. Sai dai da me aka gwada? Da hasashen da su kansu suka yi na abin da zai faru in ba a yi zaman ba. Kisan kai kuwa bai sauka ba a lokacin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin masu wannan bincike 'yan ƙungiyar Maharishi ne. Mai kaya ba ya cewa kayansa ba kyau.

Ban raina nutsuwa ba. Wanda ya koyi haɗiye fushi ya samu babban rabo, iyalinsa ma sun huta. To amma ko a kan mai yin zaman shi kansa hujjar ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Nazarin da aka buga a mujallar Scientific Reports a 2018 ya tattara gwaje-gwaje sama da 20, ya ga tausayi ya ɗan ƙaru, musamman inda malamin da ya koyar yana cikin marubutan, amma bai ga raguwar faɗa ko ƙyamar wasu ba.

Akwai aikin da ya fi cancantar shafinku. A Monrobiya ta Laberiya an ɗauki maza kusan 1,000 da suka saba da sata da faɗa, aka raba su da ƙuri'a. Wasu suka yi mako takwas suna koyon dakatawa kafin su aikata, wasu aka haɗa musu da dala 200. Bayan shekara 10, waɗanda suka samu duka biyun har yanzu laifinsu ya fi na waɗanda ba su samu ko ɗaya ba ƙaranci sosai.

Mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu ba su da lokacin gwaji, kuɗin sulhu kuma ba yawa gare shi ba. Don Allah idan irin wannan labari ya zo teburinku, ku sa wakilinku ya tambayi wa ya biya kuɗin binciken, kuma ko wasu masana na waje sun maimaita shi sun samu abu ɗaya.

Na gode,
Wani mai karanta jaridarku