Saƙon WhatsApp ba tarihi ba ne, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, wallahi shirinku na daren Lahadi ya ɓata min rai kuma har yanzu ban huce ba, shi ya sa na ce bari in rubuto. Ba baƙin da kuka kawo ne suka fi damuna ba, su kam kowa ya san aikinsu ke nan, ɗaya ɗan laima wato NDC, ɗaya ɗan giwa wato NPP, kowa ya zo kare fatinsa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne lokacin da mai gabatarwa ya ɗauki waya ya ce ga wani muhimmin bayani da aka turo, ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe da irin muryar da ake karanta labarai, wai manyan nan shida ne suka zauna a Saltpond ranar 4 ga Agusta 1947 suka kafa UGCC, ƙungiyar neman 'yancin kan Gana, har da Nkrumah a cikinsu, wai shi ya sa aka taɓa yin holide a ranar. Da ya gama ya ce to jama'a kun ji tarihi. Wane tarihi? Wa ya rubuta, a ina ya samo, yaushe? Ko suna babu a jikin saƙon, irin wanda ake ta turawa ne daga gurup zuwa gurup, ni kaina ya shigo wayata tun kafin ya iso sitidiyonku.

Ranar da aka kafa UGCC Nkrumah yana Landan. Sai a watan Disamba na 1947 ya iso ƙasar nan, bayan Ako Adjei ya ba da sunansa aka rubuta masa ya zo ya riƙe sakatare. Kuma mutumin da ya shugabanci ƙungiyar ya zuba mata kuɗinsa, Paa Grant ɗan kasuwar katako, ba ya ma cikin shidan, saƙon naku ko ambatonsa bai yi ba. Su shidan kamu ne ya haɗa sunansu, a watan Maris 1948, bayan harbin tsofaffin sojoji ranar 28 ga Fabrairu a mararrabar Christiansborg inda aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, gari ya rikice, Turawa suka kama Danquah da Nkrumah da Ako Adjei da Edward Akufo-Addo da Obetsebi-Lamptey da William Ofori Atta. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, yana cikin littafin 'yan makaranta.

Yarona yana JHS, wato ƙaramar sakandare, muna tare a shago ina gugar kayan mutane yana sauraro, sai na ga ya jawo littafinsa yana rubutawa. Na ce me kake rubutawa, ya ce Baba ai malaminmu ya ce mu kawo bayani kan ranar, ga shi rediyo ta faɗa. Na ce masa ba haka ba ne, ya kalle ni ya ce to Baba kai da rediyo wa ya fi sani. Ka ga abin da kuka jawo min ke nan. Ni tela ne, ban yi jami'a ba, me zan ce wa yaro ya yarda da ni ya bar muryar da ta fito daga akwati?

Kuma kada ɗan laima ya ce na zo taya shi faɗa, shi ma ya yi nasa. Ya buɗe baki ya ce 'yan UGCC yaran Turawa ne kawai ba abin da suka tsinana, mai gabatarwa ya yi shiru bai ce masa ina hujjarka ba. Yaran Turawa ne Turawan suka kama su suka tsare? Sannan ya dinga rantsuwa kan 21 ga Satumba ce ranar haihuwar Nkrumah kamar yana ɗakin da aka yi haihuwar a Nkroful. Alhali shi Nkrumah da kansa, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1957, ya ce faston da ya yi masa baftisma ne ya rubuta 21 ga Satumba 1909 bisa ƙiyasi, lissafin mahaifiyarsa kuma ya nuna wata shekarar daban, shi kuma da ya auna ya fi karkata ga Asabar 18 ga wata tunda Kwame ɗan Asabar ne, 21 ga Satumban 1909 kuwa Talata ce. Mai ranar da kansa ya tsaya ya auna maganar fasto da ta uwarsa kafin ya yanke, ku kuwa kun kasa auna saƙon da ba shi da uba.

Mu da muka taso a makarantar allo muka zarce zaure mun san ba a karɓar hadisi haka kawai don ya yi daɗin ji. Sai an tambayi wa ya ruwaito, daga wa ya ji, sun ma yi zamani ɗaya kuwa, an san shi da gaskiya ko yana da wata manufa. Abin da nake nema a wurinku ke nan, ba wani abu mai wuya ba. In baƙo ya ce kaza ya faru a 1947, a ce masa wa ya faɗa. In ya ce rahoton kwamitin Watson na 1948 da ya binciki rikicin, to madalla an rubuta shi a lokacin, amma a tuna wa masu sauraro cewa gwamnatin Ingila ce ta naɗa kwamitin, kuma sun yi wa Nkrumah kallon ɗan kwaminis. In ya ce littafin Nkrumah, a ce mutum ne yake ba da labarin kansa yana kan mulki, ba zai rage wa kansa tsawo ba. In ya ce jawabin tsohon shugaba Akufo-Addo, a faɗa cewa mahaifinsa da 'yan uwansa biyu suna cikin shidan nan. Wannan ba ya nufin ƙarya suke yi, amma mai sauraro yana da haƙƙin ya san inda kowa ya tsaya kafin ya ɗauka.

Ina faɗin haka ne don a gidanmu na ga yadda labari yake canza kama gwargwadon mai bayarwa. Kakana na wajen uba, Allah ya jiƙansa, ɗan Muslim Association Party ne na gani kashe ni, har ya koma ga Allah ba a yabon Nkrumah a gabansa. In an zo maganar sai ya ajiye carbi ya fara ba da labarin Agustan 1957, wata biyar kacal da samun 'yanci, yadda aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Lardan daga Kumasin nan zuwa Najeriya, shari'arsu tana gaban kotu majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu don a fitar da su. Gaskiya ya faɗa, ya faru. Kakata ta wajen uwa kuma ita ba ta son jin sunan Firaminista Busia ko wani nasa, saboda dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969 da aka ba mutane sati biyu su bar ƙasa, ta ce da idonta ta ga maƙwabta suna sayar da tukwane da gadaje a wulaƙance suna hawa manyan motoci, wata ƙawarta da suka yi shekaru suna sayar da koko tare ba ta sake jin ɗuriyarta ba. Ita ma gaskiya ta faɗa. To amma da za ka tambayi kakana wa ya kafa Gana zai ce kowa ban da Nkrumah, ka tambayi kakata ta ce Nkrumah shi kaɗai. Dukansu ina ƙaunarsu, duk abin da suka ce sun gani da ido na yarda, amma kan abin da ya faru a Saltpond ba ɗayansu da yake wurin, kuma kowannensu yana da ciwon da yake magana da shi. Mu 'yan Zango ɓangarorin nan biyu duk sun taɓa mu, ya kamata a ce mun fi kowa taka tsantsan, ba mu zama masu saurin turawa ba.

In ka tambaye ni ra'ayina ba zan ɓoye ba. UGCC ce ta fara, kuma kafin ita ma akwai su John Mensah Sarbah da ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta Cape Coast da suka yaƙi dokar filaye a 1897. Amma wanda ya kai abin gaci Nkrumah ne da fatin CPP da ya kafa a Yuni 1949, yana kurkukun James Fort fatinsa ta ci kujeru 34 cikin 38 a zaɓen 1951, kuma ita ce ta sake ci a 1956 har aka kai ga 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. Ina faɗin wannan duk da abin da ya yi wa dattawanmu, duk da Danquah a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965 ƙarƙashin mulkinsa. Wani zai iya saɓa min, ba laifi, ya zo da madogararsa mu zauna.

Ranar Litinin a bes ɗinmu na ataya musu ya kaure kan shirin naku, wani ya zaro sidi 10 ya ce ga su nan su shida a jikin kuɗi, magana ta ƙare, wani ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar sidi 2 duk ta yamutse ya ce ga Nkrumah shi kaɗai. Abin ya ba ni tausayi wallahi, samari masu kaifin kai amma iyakar hujjarsu ke nan don ba wanda ya nuna musu wata. Holide ɗin ma haka ake ta juya shi, Shugaba Atta Mills ya sa 21 ga Satumba a 2009, dokar 2019 ta mai da ranar waɗanda suka kafa ƙasa 4 ga Agusta ta bar wa Nkrumah ranarsa a matsayin ta tunawa da shi, a 2025 majalisa ta cire 4 ga Agusta ta dawo da 21 ga Satumba da 1 ga Yuli, ranar jamhuriya. Duk wanda ya hau sai ya gyara kalanda. To in kalanda tana bin mai mulki, ai gidan rediyo ne ya kamata ya riƙe abin da ya faru a zahiri. Ga malaman tarihi a jami'o'in Legon da Cape Coast da nan KNUST kusa da ku, ga gidan adana tsofaffin takardu a Manhyia, me ya hana ku gayyato mutum ɗaya da ba ya neman kujera?

Don Allah Lahadi mai zuwa, a daidai lokacin da kuka karanta wancan saƙon na WhatsApp, mai gabatarwa ya fito ya ce ba daidai ba ne, ya faɗi abin da yake daidai, da muryar da ya karanta na farkon ba a gurguje ana shirin rufewa ba.

Sannan tunda na riga na ɗauki alƙalami, tallan maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri ya yi yawa, kuma kalaman da mai maganin yake amfani da su kan matsalar maza ba su dace da ƙarfe takwas na dare ba, lokacin iyali suna zaune ana cin tuwo, ga 'ya'ya mata ga surukai. Sai mutum ya yi wuf ya rage murya, kafin ya ƙaro an wuce rabin maganar da yake son ji. Ku mai da shi bayan sha ɗaya in dole ne sai kun saka.

Naku mai sauraro kullum,
daga Aboabo, Kumasi