A duba ƙarshen titin saukar jiragenmu

Ranka ya daɗe Edita,

Har yau hatsarin jirgin sama da ya faru a filin jirgin Muan na Koriya ta Kudu bai bar raina ba. Ranar 29 ga Disamba, 2024, jirgin Jeju Air daga Bangkok ya sauka a kan cikinsa, tayoyi ba su fito ba, ya zarce titin sauka. Da fili ne a gabansa, da wataƙila mutane da yawa sun tsira. Sai ya daki ginin kankare da aka ɗora eriya a kai, wuta ta tashi. Mutum 179 suka rasu, biyu kacal suka rayu. Allah Ya kiyaye.

Ina roƙon hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya (FAAN) da hukumar kula da sufurin jiragen sama (NCAA) su zagaya filayen jiragenmu, Kano, Abuja, Legas, su kawar da duk wani gini mai tauri daga ƙarshen titi.

Naka,
Mai karatu daga Kano