Zuwa Ga Aminina Na Agege

Gadon Ƙaya,
Kano.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanenmu na Agege. Mu nan sai godiyar Allah. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har Gwauron Dutse ba ya ganuwa sosai sai hantsi ya ɗaga. Inna tana gaishe ka, ta ce bana shiru ba ta ga ƙafarka ba.

Saƙonka na makon jiya ya tsaya mini a rai. Ka ce likita ya gwada ka ya ga jininka ya kai 150 bisa 95, bayanka kuma ba ya barinka barci, sannan ka rufe zancen da cewa ai girma ne ya zo. Shi ya sa na ƙi amsa maka ta waya, don na san za ka kawar da maganar mu koma hirar kasuwa. Sa'annin juna ne mu, shekara 47. Abin da ke damunka ba girma ba ne, zama ne. Ni a Kantin Kwari, kai a Mile 12, daga kujerar shago sai ta mota, daga nan sai tabarmar cin tuwo. Shekara ashirin muna haka.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekara uku ke nan da likita ya faɗa mini irin abin da ya faɗa maka, ya rubuta magani, ya ce kuma in riƙa motsa jiki. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Washegari ana sallame Asuba na ɗaura tsohon kambas ɗina na hau titin BUK, in bi gefen ganuwa zuwa Ƙofar Na'isa in juyo. Kullum, ba fashi, a kan kwalta, in samari suka wuce ni sai in ƙara wuta. Ba a yi wata biyu ba gwiwata ta dama ta fara, agara ta biyo baya. In na sauko daga gado da safe, takun farko kamar na taka ƙaya. Na yi ta shafa man zafi ina cijewa, har ranar da na kasa zaman tahiya. Wata uku cur ina Sallah a kan kujera a gefen sahu, tare da dattawa sa'o'in Baba. Wallahi wannan ya fi ciwon gwiwar yi mini ciwo.

Daga ƙarshe aka tura ni sashen gashin ƙashi. Wani matashi ne ya duba ni, mai haƙuri ƙwarai. Ya kwantar da ni rigingine ya ɗaga ƙafata a miƙe, ba ta yi nisa ba ta ƙi gaba. Ya ce in tsaya da ƙafa ɗaya, ban ƙirga goma ba na dafa bango. Sai ya yi mini bayanin da har yau nake riƙe da shi. Ya ce gudu tsalle ne daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya, kuma duk dirar da ka yi, ƙafar nan tana ɗaukar nauyin jikinka ninki biyu zuwa uku. Wanda ya daɗe yana zama, naman gaban ƙugunsa ya takure, na mazaunansa ya raunana, na bayan cinya da sha-raɓa ya ɗaure. In ya tashi gudu a haka, aikin da ƙugu ya kamata ya yi sai ya faɗo wa gwiwa. Ashe gwiwar ba ta da laifi, ita aka bar wa kaya.

Ya koya mini wasu 'yan motsi, ya ce in riƙa yi a gida, sannan ya ƙara da cewa yawancinsu daga yoga aka ɗauko su.

Jin wannan kalma sai gabana ya faɗi. Mu da muka tashi da kallon Indiya a Plaza da Orion, abin da muka sani shi ne mutum ya tanƙwashe ƙafa ya rufe ido a gaban gunki. Kuma ba ƙarya ba ne, asalin abin daga Indiya yake, tsohon abu ne da ke cuɗe da addinan can. Na san kai ma a nan za ka ja birki, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Ban taɓa tabarma ba sai da na je wurin malaminmu na unguwa bayan Isha'i, na nuna masa motsin ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni ko akwai kalmomin da ake furtawa, ko akwai wanda ake rusuna wa, kuma da wace niyya zan yi. Da na amsa, ya ce miƙa jiki don neman lafiya ba laifi, amma duk abin da ke da kamar bauta in yi nesa da shi. Saboda haka akwai abubuwan da na bari gaba ɗaya. Jerin motsin nan da suke kira Surya Namaskar, wato gaida rana, ba na yi, don sunan kaɗai ya ishe ni. Sautin da suke maimaitawa ba na furtawa, ba na kuma haɗa tafin hannu in sunkuya. Ba mu muka fara wannan tambayar ba. A 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmin ƙasar yin yoga saboda abubuwan bauta da ke cikinta, a 2009 kuma majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda ta ƙunshi irin waɗannan abubuwa, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Kai ma ka tambayi malamin da ka natsu da shi kafin ka fara, zuciyarka ta kwanta. Akwai kuma masu cewa ai Sallah ma yoga ce, don su kwaɗaita wa mutane. Ba na son wannan magana ko kaɗan. Sallah ibada ce, umarnin Allah muke bi. Tabarmar motsa jikina daban, dardumata daban.

Wani maƙwabcina a kasuwa ya ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na makara. Na ce masa jikin da jini ke gudana a cikinsa bai bushe ba tukuna. Abin da yake so lallashi ne, a hankali, kullum kaɗan.

To ga yadda nake yi yanzu. Litinin, Laraba da Asabar ina gudu. Talata da Alhamis ina kan tabarma a tsakar gida, kamar minti 25. Juma'a hutu, Lahadi kuma tafiyar ƙasa kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu, da kwana biyu na abin da ke ƙarfafa naman jiki. In ka duba, gudun ya ɗauke na farko, tabarmar tana taimakawa a na biyun. Da na dawo gudu bayan jinya, minti ɗaya nake sassarfa in yi tafiya minti biyu, in maimaita sau takwas. Haka na yi wata guda kafin in ƙara. Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne, tunda a garin nan ba za ka yi taku ɗari ba a gaishe ka ba: in wani ya yi mini sallama na kasa amsawa har da tambayar iyali saboda haki, to na yi sauri da yawa, sai in rage.

Kuskuren da na ga mutane suna yi a bakin titi shi ne, suna fitowa daga masallaci cikin sanyi sai su kama jan ƙafa da ƙarfi. Kada ka ja naman da bai ɗumama ba. Kafin gudu, tafiyar minti biyar da ɗan lilo da ƙafa sun isa. Doguwar miƙa sai bayan ka dawo, jiki da zafinsa.

A nan ne yogar take shigowa. Ina dawowa ba na zama, tabarma nake shimfiɗawa. In sa ƙafa ɗaya a gaba, gwiwar baya a ƙasa a kan matashi, in tura ƙugu gaba a hankali har in ji gaban cinya ya buɗe. Wannan ita ce maganin zaman shago, kuma ina zaton ita bayanka yake nema. Sai in kwanta rigingine, in sarƙafa hirami a tafin ƙafa, in ɗaga ƙafar a miƙe, in riƙe kamar daƙiƙa 30, in sauya. Kada ka ja har ka ji zafi mai suka. Inda ka ji ya ja amma kana iya numfashi lafiya, nan ne wurin tsayawa. A ranakun tabarma ina ƙara wasu. Akwai wadda suke kira gada: kana kwance, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe, ita ke tada naman mazauna daga barci. Akwai ta kyanwa, ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka gantsare ka kuma tanƙwara baya, tare da numfashi. Wadda na fi ganin amfaninta kuwa ita ce tsayuwa da ƙafa ɗaya, irin ta makiyayi a daji amma ba sanda. Daga ƙirga goma, yanzu ina yin minti guda a kowace ƙafa, kuma tun daga nan idon sawuna ya daina gurɗewa a ramukan titi.

Numfashin shi ne abin da ban zata ba. A ƙarshen kowane zama ina kwanciya in ɗora hannu a ciki, in shaƙi iska ta hanci har cikin ya taso, in sake ta a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Minti uku kacal. A da in na gaji a gudu sai in ɗaure kafaɗa in cije haƙora, ina fizgar iska da ƙirji. Yanzu da na ji haka sai in saki kafaɗa, in mayar da numfashin ciki, ƙafa ta bi. Kuma a kan tabarmar ne nake jin labarin jikina tun abin yana ƙarami. In sha-raɓar hagu ta fi ta dama ɗaurewa ranar Talata, na san gudun Laraba zai zama gajere. Da na san wannan tun farko, da ban kai ga kujera ba.

Yanayi ma sai an bi shi. A irin wannan hazo, ranar da ƙura ta yi yawa ba na fita, tabarma nake yi a ɗaki. Da bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, in ba ka gama kafin rana ta fito sosai ba gara ka haƙura. Da azumi ina ajiye gudun safe, in yi 'yar tafiya bayan Tarawihi. Ku a Legas gumi ne matsalarku, don haka ruwa kada ya yi nisa da kai.

Amma saboda jinin nan naka, ka ji ni da kyau. Kada ka daina shan magani don ka fara motsa jiki, likita ne kaɗai zai rage maka. Ka gaya masa abin da kake shirin yi kafin ka fara. Duk motsin da kai ke komawa ƙasa ƙafa ta yi sama, irin wanda za ka gani a bidiyon intanet, ka bar shi. Kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri. In kuwa ka ji nauyi a ƙirji ko jiri a kan hanya, ka tsaya nan take ka nufi asibiti, ba gida ba.

Ranar da na sake zaman tahiya a ƙasa, Sallar Magariba ce, a sahun farko. Na shimfiɗa ƙafar hagu na zauna a kanta, na kafa ta dama, ina jiran zafin, bai zo ba. Sai da aka sallame na ga hawaye a gemuna. Yanzu jinina yana zama wajen 130 bisa 80, da maganin. Ranar Asabar nakan je filin sukuwa na Nasarawa, don ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, ina yin kilomita bakwai. Watan jiya na hau Dala da babban ɗana ban tsaya hutu a hanya ba. Uwargida ma da take kallona da farko, yanzu da tata tabarmar, ta ce ƙugunta ya yi sauƙi.

Ga abin da nake so da kai. Gudun dogon zango na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma galibi ake yi a watan Fabrairu, ba mai kilomita 42 kaɗai ba ne, akwai na kilomita 10. Na bana ya yi maka kusa, kada ma ka gwada. Na baɗi nake nufi, in Allah Ya kai mu kuma bai haɗu da azumi ba. Zan zo in sauka a gidanka mu shiga tare, ko da rabinsa tafiya za mu yi. Kafin nan ka fara da tafiyar minti 20 bayan Asuba, sau uku a mako, da miƙar ƙugu da ta hiramin nan. Gudu sai bayan wata guda.

Ka turo mini lambar takalminka. Akwai mai gwanjo a Ƙofar Wambai da nake saye a wurinsa, yana samun masu taushin ƙasa da ba su ci ba. Zan zaɓa maka da kaina in bai wa direban da ke kawo muku kaya, tare da kilishin Hajiya.

Ka gaishe ta, ka shafa mini kan yara. Ina jiran amsarka, da abin da likita ya ce.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kano.