Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa

Yallaɓai Olugbile Holloway, barka da aiki.

Duk lokacin da aka taso da maganar dawo da kayan tarihinmu daga Turai, hankali kan tafi ga kayan, a manta da hotunansu. Alhali yau a waya yaranmu ke fara ganin su.

A shekarar 2002 Faransa ta amince cewa mutum-mutumin yumɓu uku da ke Paris, biyu na Nok (tsohuwar al'umma da aka fara gano kayanta a kudancin Kaduna) ɗaya na Sakkwato, na Najeriya ne. Mu kuma muka bar mata su aro na shekara 25. Lissafi ya nuna wa'adin na cika a 2027. Kafin kowa ya sa hannu a sabuntawa, a tambaya: hotunansu a hannun wa suke?

Maginin da ya gina kan mutum-mutumin Nok ya rasu fiye da shekara 2,000, babu sauran haƙƙin mallaka a kan aikinsa. Amma wanda ya saita fitila ya ɗauki hoton kan, shi doka ke ba haƙƙi, galibi kuma gidan tarihin da ya sa shi aikin ke riƙe da shi. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya buɗe hotunansa a intanet kyauta, da sharaɗin ba don kasuwanci ba. To, malamin makaranta a Kwoi, kusa da garin Nok, in ya so buga littafin sayarwa da hoton abin da aka tono a ƙasarsu, sai ya nemi izini a waje, ya biya da kuɗin waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shafin Digital Benin da aka buɗe a 2022 ya tattaro bayanai da hotunan kayan masarautar Benin ta jihar Edo sama da 5,000 daga gidajen tarihi 131. Aiki ne mai kyau, sai dai ganin hoto daban, ikon amfani da shi daban.

Mu ma a gida da sauran aiki. In za a ɗora kayan gidan tarihin Jos da na Gidan Makama a intanet, a fito da ƙa'ida a rubuce: ɗalibi da mai bincike su ɗauka kyauta, kamfanin talla ya biya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare fasahar gargajiya, don haka ku zauna da hukumar da ke kula da ita tun yanzu.

Roƙona, ranka ya daɗe, a duk yarjejeniyar da za a ƙulla nan gaba, ta aro ko ta dawo da kaya, a rubuta cewa kwafin hotunan zai zo Najeriya tare da ikon amfani da su.

Naka,
wani malamin tarihi daga Kaduna