Abin da ke cikin baka biyu ma wasa ne

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili, magana gare ni da 'yan uwana malaman Hausa.

A wata sakandaren 'yan mata nake koyarwa. Zangon da ya wuce na ba 'yan SS2 aiki su mayar da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wasan kwaikwayo, suka kawo min shafi huɗu magana zalla, Gizo ya ce kaza Ƙoƙi ta ce kaza, ranar gwaji kuwa yarinyar da ta fito a Gizo ta tsaya ƙiƙam tsakiyar dandamali kamar an dasa ta tana ta zuba zance, ba inda aka rubuta ta ina za ta shigo balle me hannunta ke yi. Laifina ne wallahi, ban koya musu ba.

A tatsuniya mai ba da labari shi ke ɗauke da komai. A wasa babu shi, aikin nasa ya koma kan ɗan bayanin nan da ake sawa cikin baka biyu. To amma shi ma da sharaɗi, sai abin da ido zai gani ko kunne zai ji. Wata ta rubuto min (Gizo ya tuna yunwar da ya sha bara), na ce taso ki yi mana tunawar mu gani. Aji ya kwashe da dariya. Muka zauna muka gyara: (Gizo ya leƙa tukunya, ya tsoma yatsa ya lasa, ya ji takun Ƙoƙi, ya yi wuf ya rufe yana goge baki da hannun riga). Ko uffan bai ce ba amma kowa ya san ɓarawon miya. Tsamin bakinsa kuma sau ɗaya ake faɗa a fitowar farko, ya isa.

Kar kuma a cika bayanin, wata rabin shafi ta cinye tana siffanta zanin Ƙoƙi, alhali ba mu da kuɗin ko ɗankwali.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu, labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasa a 1975. Roƙona, duk malamin da zai ba da irin aikin nan ya tura bencuna gefe, a taka wasan a aji tukuna kafin ya ɗauki jan biro.

Wata malamar Hausa,
daga Zariya