Zuwa ga Yaya, daga Jidda

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da yara duka. Ni ƙalau nake, zafi ne kawai, shi ma an saba.

Labari ya iso ni wai Kawu na cewa a kira wanzami ya buɗe wa mai sunan Baba dubura, a huta da zaryar asibiti. Yaya, don girman Allah kada aska ta taɓa yaron nan. Likitan da nake tuƙawa, ɗan Sudan, ya zana min abin a bayan takardar shan mai. Hanjin bai sauko ba, a sama ya tsaya, shi ya sa aka haife shi ba dubura. Ƙofar da aka yi masa a ciki yake kashi ta nan, ta wucin gadi ce. Aiki na biyu ne babba: za a tsaga ta baya, a jawo hanjin a dasa shi daidai tsakiyar naman da ke riƙe bayan gida. In aka kauce wa wurin, zai girma kashi na zubo masa. Ina wanzami zai ga wannan?

Likitan ya ce cikin haihuwa 5,000 akan sami ɗaya. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwarsa ba. A lallaɓa Inna ta bar wannan zancen, yarinyar nan kuka take min a waya.

Kuɗin da na turo ta hannun ɗan canji na tiyata ne. Na tiyata kawai, Yaya. Ba na taki ba, ba na gudummawar biki ba. A tambayi likita ko an yi masa hoton ƙoda da na zuciya, don ciwon kan zo tare da su.

Bayan aikin da mako 2 za a fara sa masa ƙarfen buɗawa, safe da yamma, ana ƙara girmansa a hankali. Zai tsala ihu, Inna za ta ce a bari. Kada a bari, wurin tsukewa yake. Sai ya buɗu yadda ake so kafin a rufe ƙofar cikin.

Ni da ban taɓa ɗaukarsa ba, ga ni ina ba ku umarni daga nesa. Ku yi haƙuri. Amma duk gidan nan wa ya taɓa neman abu na hana?

A riƙa shafa masa basilin a gefen ƙofar, fatar ta yi ja a hoton da aka turo. Kuma kada Kawu ya san nawa na aiko.

Ƙaninka.